Fibir har cikin gida a Damagaram: wane kamfani zan ɗauka, kuma me zan duba kafin in sa hannu?

Habu Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin intanet na fibir, musamman masu yin sa a nan Damagaram. An ja igiya a kan turakun layinmu, kuma wakilan kamfani biyu sun kawo takardun talla. Na farko ya ce mega 20 ba iyaka, a biya wata-wata. Na biyu ya ce mega 50, kuɗinsa ya fi yawa, kuma sai an ɗaure da shi shekara guda.

Ga yadda gidan yake. Sashe biyu ne, na gaba ginin siminti, na ciki tsohon ginin laka mai kaurin bango, da tsakar gida kamar mita 25 a tsakaninsu. Masu waya mutum 11 ne. Akwai tele ɗaya da yara ke kallon YouTube, akwai ɗaliba a jami'ar André Salifou da ke darasi ta bidiyo tana kuma tura takardu masu nauyi, sai kamara 4 da nake so in riƙa dubawa daga shago a kasuwar Dole. Yanzu da akwatin 4G muke aiki, forfe ba ya kai ƙarshen wata.

Yaya zan gane fibir ce ta gaske za ta shigo gidan? Mega nawa zai ishe mu? Idan an ɗauke kuran fa? Wasu kuma na cewa in bar duka in sayi Starlink. Allah ya saka da alheri.

Malam Isuhu mai haɗa igiya:

Wa alaikumus salam, Alhaji Habu. Tambayarka ta farko ita ce inda aka fi ruɗar mutane. Kamfani na iya ce maka resonsa na fibir ne, kuma bai yi ƙarya ba, amma igiyar fibir ɗin, wadda zaren gilashi ce mai ɗaukar haske, ta tsaya a gindin eriya ko a akwatin bakin titi, abin da zai ƙarasa gidanka wayar jan ƙarfe ce ko rediyo. Wanda kake nema shi ne FTTH, gilashi har cikin ɗaki. Za ka ga siririyar igiya ta sauko daga akwatin da ke kan poto ta ƙare a wani ɗan ƙaramin akwati a bangon ɗaki. Daga nan gajeriyar igiya, yawanci rawaya, mai koren kai, ta shiga na'urar da ake kira ONT. A jikin ONT akwai fitilu biyu masu suna PON da LOS. Idan na'urar na cin katin SIM, ko an ɗora faranti a rufi, ko kan igiyar irin na tsohuwar tarhon Sonitel ne, to ba fibir ba ce.

Kada ka biya ko dala kafin ma'aikacinsu ya zo ya duba wurin da idonsa. Ba mai talla ba, mai hawa poto. Ya nuna maka akwatin da za a ja maka daga ciki, ya buɗe ka ga ko da sauran gurbi, don yawancinsu gurbi 8 ne ko 16, idan sun cika sai ka jira a kafa wani alhali ka riga ka biya. A auna nisan daga akwatin zuwa ɗakin da na'urar za ta zauna, ka tambaya mita nawa ke cikin kuɗin haɗawa, nawa ne kowace mita da ta ƙaru. Ka bi hanyar igiyar da ƙafa. Garin nan dutse ne, haƙa rami na da wuya a unguwanni da dama, shi ya sa ake ratayawa a sama. Igiyar da ta tsallaka kwalta tana reto, babbar mota mai lodin da ya yi tsiri za ta tsinke ta. Wadda ta ratsa cikin rassan dogon yaro, iskar farkon damina ce ajalinta. Tsakanin kamfani biyu, wanda akwatinsa ya fi kusa kuma yake gefen titinka ya riga ya ci maki ɗaya.

Yanzu yadda abin yake aiki. Tsarin da aka fi amfani da shi sunansa GPON. Kowane bakin jona igiya a na'urar kamfani yana ba da mega 2488 na saukewa da 1244 na turawa, sai a raba hasken ga gida 32 ko 64. Mutane na jin an ce rabawa sai su tsorata, amma yi lissafi: gida 64 kowa da mega 20 ya kama 1280, bai ma cika bakin ba. Saboda haka idan intanet ya yi nauyi da dare, da wuya laifin igiyar unguwa ne, matsalar tana can gaba.

Abin da rabawa ke ci shi ne ƙarfin haske. Raba shi gida 8 na cin kimanin dB 10.5 (dB shi ne ma'aunin asarar haske), a sake raba kowane kaso gida 8 an ci kusan 21. Duka abin da aka tanada a na'urorin da aka saba gani 28 ne. Saura kamar 7 su ne za su ɗauki nisa, wanda ke cin 0.35 a kowace kilomita, da kawunan haɗi, kowane 0.3 zuwa 0.5, da wuraren walda, kowane kamar 0.1. Ka ga ba yalwa. ONT na aiki ne idan hasken da ya iso yana tsakanin -8 da -27 dBm, wato ma'aunin ƙarfin haske, kuma lambar da ta fi kusa da sifiri ita ta fi ƙarfi. Ranar haɗawa ka ce ma'aikaci ya sa ma'aunin haske a gabanka. Daga -15 zuwa -24 ka karɓa. Idan ya nuna -26, intanet zai yi aiki a ranar, kowa ya tafi yana murna, amma ƙura kaɗan ko lanƙwasa ɗaya za ta kai shi -28, jar fitilar LOS ta fara ƙiftawa, alamar haske ya yanke. Kada ka sa hannu a takardar kammala aiki sai an gyara, kuma a rubuta lambar a jikin takardar, ita ce hujjarka idan abu ya lalace daga baya. Kai ma kana iya duba ta a shafin na'urar, adireshin na rubuce a ƙarƙashinta, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.100.1.

Ka lura da yadda suke haɗa kan igiyar. Mai injin walda, wanda ke narka gilashi biyu su zama ɗaya, aikinsa na daɗewa. Mai sa kan da ake matsawa da hannu ya fi sauri, amma zafi da ƙura na sassauta shi, asarar haske ta riƙa ƙaruwa a hankali. Kamfanin da ma'aikatansa ke yawo da injin walda da ma'auni ya nuna maka irin gyaran da za ka samu nan gaba. Koren kai da shuɗin kai ba sa haɗuwa: koren an goge bakinsa a karkace da digiri 8, shuɗin a miƙe, idan aka cusa ɗaya a gurbin ɗaya haske zai zube, bakin ma ya iya lalacewa.

Cikin gida a nemi igiya mai lamba G.657.A2, ta fi jure lanƙwasa. Duk da haka kada a karya ta a kusurwar bango, kada a naɗe ta a da'irar da faɗinta bai kai santimita 6 ba, kada a danne ta da ƙusa ko a matse ta a jikin ƙofa. Inda ta bi ƙasa a sa ta cikin tiyo saboda ɓera da tsintsiya. Cibiyar gilashin da haske ke bi mikron 9 ce kawai, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta, don haka a hana yara zare koren kan, kuma ba a hura shi da baki. Kada kowa ya leƙa cikinsa, hasken ba ya ganuwa amma yana illa ga ido.

Hajiya Rakiya Tudun Jamus:

Malam Isuhu ya gama maganar igiya. Ni zan ɗauki maganar lamba da takarda.

Mega da ke kan talla megabit ne a daƙiƙa. Raba shi da 8 ka samu abin da waya ke nunawa idan tana sauke fayil, wato mega 20 na sauke megabait 2.5 a daƙiƙa. Ga lissafin gidanka a lokacin da kowa ke gida bayan isha'i. Tele da hoto mai kyau na cin kamar 5. Darasin bidiyo 3 zuwa 4 saukewa, da irin haka turawa. Mutum 11 ba sa kallo lokaci guda, a ce 5 na kallon bidiyo a waya kowa da 2, ya zama 10. Jimla ta kusa 20. Ke nan 20 zai ɗauke ku amma a gaɓa, 30 zuwa 50 ya fi sakewa, da sharaɗin lambar tana isowa da gaske.

Lambar da ba a cika bugawa a talla ba ita ce ta turawa, kuma a gidanka ita ce mai muhimmanci. Kamara kowace na buƙatar 1 zuwa 2 idan kana kallo daga shago, huɗu sun kai 4 zuwa 8, ga darasin yarinya a kai. Fayil mai giga 1 zai ɗauki sama da awa ɗaya idan turawa mega 2 ce, minti 13 da ɗoriya idan 10 ce. Kada ka yarda da ƙasa da 10, kuma a rubuta ta a yarjejeniya.

Batun ba iyaka, ka karanta ƙananan rubutun ƙasan takarda. Sau da yawa akwai sharaɗin cewa idan an kai giga kaza a wata za a rage gudu. Tele kaɗai, awa 4 a rana da hoto mai kyau, tana cin kamar giga 270 a wata, don awa ɗaya giga 2 da kwata ce. Idan iyakar 200 ce ko 300, kun ƙetare ta kafin wata ya ƙare, kun koma matsalar forfe da kuke gudu. Ka tambaya kai tsaye: giga nawa ne, kuma gudun zai koma nawa?

Sai abin da Malam Isuhu ya ce yana can gaba. Mutumin Damagaram ya san faɗin famfon cikin gida ba shi ne ruwa ba, sai abin da aka sako daga tanki. Nijar ba ta da bakin teku, intanet ɗinmu na shigowa ne ta ƙasashen maƙwabta daga igiyoyin ƙarƙashin teku. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne ta Maradi, Ƙonni da Dosso, kuma duk aikin hanya ko haƙa da ya taɓa igiya a wannan tsawon yana iya kashe gari guda. A cikin babban aikin fibir na ƙetare Sahara da Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi akwai sashen Zinder zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya, wato hanyar fita ta biyu kusa da mu. Ka tambayi kowane kamfani: idan igiya ta tsinke tsakanin Maradi da Ƙonni, ta ina za ku bi da mu? Wanda ke da hanya ɗaya tilo, ranar da ta yanke kowa zaune yake. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun tsinke a teku ta wajen Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahala. Kamfanonin da ke da mafita fiye da ɗaya su suka fara farfaɗowa.

Amsar mai talla ba ta isa ba, gani ya kori ji. Nemi maƙwabci da ke amfani da kowane kamfani, ka roƙe shi ka gwada a gidansa. Da kwamfuta da igiya a jikin na'ura za a gwada, ba ta Wi-Fi ba, tsakanin ƙarfe 9 da 11 na dare, a dare fiye da ɗaya, har da na ƙarshen mako. Speedtest ko nPerf duk sun yi. Manhajar na zaɓar saba, wato kwamfutar da ake gwajin da ita, mafi kusa da kanta, wannan na nuna lafiyar igiyar cikin ƙasa ne kawai. Ka sake gwadawa ka zaɓi saba ta Faris ko Legas, ita ce za ta nuna abin da kamfanin ya saya a waje. Sannan a kwamfuta a rubuta ping 8.8.8.8 -n 100. Idan fiye da 1 ko 2 cikin saƙonnin gwaji 100 da zai aika sun ɓace, kiran bidiyo zai riƙa yankewa ko da mega nawa ne. Kamfanin da gudunsa na dare bai kai rabin abin da ya tallata ba, ka bar shi.

Manyan kamfanonin sadarwa a ƙasar nan huɗu ne: Niger Telecom, da aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, sai Airtel, Moov Africa, da Zamani Telecom da ya gaji Orange a 2019. Suna kaɗai ba ya yanke hukunci. Kyawun 4G na kamfani a wayarka bai ce komai ba game da fibir a layinku, abin layi-layi ne. Ka kuma yi hattara da masu jan igiya daga abonma ɗin wani shago su sayar wa gidaje. Ba yarjejeniya, ba faktir, ranar da aka yanke mai shagon kai ma ka tafi, kuma ba ka da takardar da za ka kai wa hukumar ARCEP mai kula da sadarwa.

A yarjejeniya, abin da na fi ba muhimmanci shi ne gyara. Awa nawa daga kira zuwa zuwan ma'aikaci, a rubuce. Masu gyaran a Damagaram suke zaune ko daga wani gari ake turo su? Suna aiki Asabar da Lahadi? Kwanakin da intanet ya mutu ana mayar maka da su? Fibir za ta tsinke wata rana, wannan ba makawa, bambancin kamfani da kamfani shi ne kwana ɗaya ko kwana goma. Sai ka duba wa ke da ONT, wa zai biya idan tsawa ta ƙona ta, nawa ne tarar fita kafin shekara, ko ana iya dakatarwa idan za a yi tafiya, da ko farashin ya haɗa da haraji. Kwatanta kuɗin shekarar farko gaba ɗaya, kuɗin haɗawa da na ajiya da na na'ura da wata 12, ba kuɗin wata kaɗai ba.

Saboda kamara, ka duba adireshin WAN, wato lambar da kamfani ya ba na'urar don fita intanet, a shafin na'urar maƙwabcin ka faɗa mana da me ya fara.

Lawali mai sola:

Alhaji, labari mai daɗi a maganar kuran shi ne akwatunan da ke kan turaku ba sa cin wuta ko kaɗan, gilashi ne ke raba haske. Wuta a wuri biyu kawai ake buƙata, ofishin kamfani da ɗakinka. Idan su suna da batir da janareto, kai kuma ka riƙe ONT, NIGELEC ta ɗauke ko ta kawo intanet na nan.

ONT mai Wi-Fi na aiki da volt 12, tana cin wat 6 zuwa 12, mu ce 10. Batir ƙarami na 12V 7Ah na ɗauke da wat-awa 84 a rubuce, amma na dalma rabi ake ja idan ana so ya daɗe, wato 42, awa 4 ke nan. Ƙananan UPS, wato akwatunan batir masu riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, da ake sayarwa a kasuwa ana rubuta masu 10000 mAh, mutum ya ɗauka abin kirki ne. Wannan lambar a volt 3.7 aka ƙirga ta, wat-awa 37 ce, awa 3 za ta ba ka. Koyaushe ka nemi wat-awa, ka raba da wat ɗin na'ura.

Gidanka zai buƙaci na'urar Wi-Fi ta biyu, ita ma wat 6 zuwa 8, jimla kamar 18. Don riƙe awa 8 kana buƙatar wat-awa 144. Da batir na dalma sai 12V 26Ah, da na litiyom irin LiFePO4 15 zuwa 20Ah ya isa. Na fi son na biyun a garin nan, don na dalma duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 sama da 25 na rage rabin rayuwarsa, mu kuma a Afrilu da Mayu sama da 40 muke.

Kada a bi ta inbata don na'urar wat 10. Inbata na cin wutar kanta ko ba a jona komai ba, sau da yawa fiye da abin da ONT ke ci. A ja kai tsaye daga batir, amma a sa ɗan ƙaramin mai daidaita wuta da ke fitar da 12 cif, don batir na hawa 14.4 lokacin caji, kuma a sa fis na amfiya 3 kusa da batir. A tabbatar tsakiyar kan caja ita ce mai alamar tarawa kafin a jona, juya ta na kashe na'ura nan take. Idan ɗauke wuta kawai kake son tarewa, pano na wat 50 ya isa. Idan so kake na'urorin biyu su rabu da kuran dare da rana, wat-awa 432 ne a yini, sai pano na 150, a riƙa share masa ƙura lokacin hunturu.

Cajojin nan yawanci na karɓar volt 100 zuwa 240, raguwar wuta ba ta cika damunsu ba. Abin da ke ƙona su shi ne bugun da wuta ke yi idan ta dawo, da tsawa. A sa mai tare bugun wuta a soket ɗin. Kada a ajiye ONT cikin kabad, a bayan tele, ko daf da rufin kwano, yawancinsu digiri 40 aka rubuta masu, idan suka yi zafi sai su riƙa kashe kansu suna kunnawa, a ɗora wa kamfani laifi.

Starlink ya fara aiki a Nijar a Maris 2025, kuma a ƙauye ko unguwar da igiya ba ta kai ba babu kamarsa. Bai dogara da igiyar hanyar Yamai ba, wannan ƙarfinsa ne. Amma babban farantin na cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin Mini 25 zuwa 40, ga kuɗin sayen kaya, kuma ruwan sama mai ƙarfi na katse shi na ɗan lokaci. Batirin da zai riƙe ONT awa 8 ba zai riƙe babban farantin fiye da awa ɗaya ba. Wanda fibir ta zo ƙofar gidansa kuma gwajin dare ya yi kyau, ni fibir zan ce ya ɗauka. Akwatin 4G kuma kada ka sayar, ka sa masa SIM na wani kamfani daban ya zauna na ko-ta-kwana.

Habu Sabon Gari:

Allah ya ƙara ilimi. Na bi abin da kuka ce. Akwatin mai mega 20 na gefenmu, kamar mita 60, da sauran gurbi. Na mai 50 yana ƙetaren kwalta, ya fi mita 200. Gwajin dare da sabar Faris: mai 20 na ba da 17 zuwa 18, turawa 10. Mai 50 na kai 45 da rana, da dare 14 zuwa 19, turawa 5. Adireshin WAN na mai 20 ya fara da 100.72. Hajiya, me wannan ke nufi? Malam Isuhu, yaya Wi-Fi zai kai sashen laka? An ce in sayi abin da ake jonawa a soket ya ƙara reso.

Hajiya Rakiya Tudun Jamus:

Da waɗannan lambobi mai 20 ya fi, Alhaji. A lokacin da gidanka ke buƙata gudunsu ɗaya ne, shi kuma ya ninka ɗayan a turawa, ya fi araha, ba ɗauri na shekara. Ka tambaye su ko suna da matakin 30 ko 40 da za ka iya hawa daga baya ba tare da sabon kuɗin haɗawa ba, a rubuta.

Adireshin da ya fara daga 100.64 zuwa 100.127 na nufin CGNAT, gidaje da yawa na fita da adireshi ɗaya. Ba ya hana kallo ko kira. Abin da yake hanawa shi ne shiga na'urar gida kai tsaye daga waje. Yawancin kamarorin yanzu na bi ta manhajar kamfanin da ya ƙera su, irin wadda ake haɗawa da lambar QR, waɗannan na aiki a bayan CGNAT. Idan naka tsoho ne mai buƙatar a buɗe masa ƙofa a ruta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sai ka nemi adireshi na kanka, yawanci da ƙarin kuɗi a wata. Starlink na gida ma CGNAT ne, ba zai warware wannan ba. Idan kana kallo daga shago ka zaɓi ƙaramin hoto a manhajar, kada kamara su cinye turawar darasin yarinya.

Malam Isuhu mai haɗa igiya:

Na yarda da Hajiya a zaɓin, sai dai ina ganin 20 ɗin zai ishe ku fiye da yadda take tsoro idan aka gyara Wi-Fi, don mafi yawan kukan nauyin intanet a gidaje daga nan yake.

Kada ka sayi na soket ɗin. Yana maimaita abin da ya ji ne, idan ya ji mai rauni mai rauni zai ba da, kuma yana raba gudu biyu don da rediyo ɗaya yake karɓa yake turawa. Bangon laka mai kaurin rabin mita na shanye 5 GHz kusan gaba ɗaya, 2.4 GHz ma da ƙyar, balle da damina idan bangon ya sha danshi.

A ja igiyar Cat6 ta waje daga ONT zuwa sashen ciki. Iyakarta mita 100, taka da kwane-kwane ba za ta wuce 40 ba. Ta zama jan ƙarfe zalla. Kankare waya ɗaya da reza a shagon mai sayarwa, idan cikinta fari ne alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana karyewa kuma ba ta ɗaukar wuta da kyau. A binne ta cikin tiyo kamar zurfin santimita 30 ko a bi jikin katanga, kada a rataye ta a sama ta tsallaka tsakar gida. Gilashi ba ya jan tsawa amma wannan tana ja, ta ƙona na'urorin kai biyu. Kada ta shiga tiyo ɗaya da wayar kuran. A matse duka wayoyi 8 a kowane kai a gwada da ma'auni, idan ɗaya ta kuɓuce haɗin zai faɗo zuwa mega 100 ko ya riƙa yankewa.

A can ciki a sa ruta ta biyu, a mai da ita mai ba da Wi-Fi kawai, a kashe mata DHCP, wato aikin raba wa wayoyi adireshi, in ba haka ba na'ura biyu za su riƙa raba adireshi wayoyi su rikice. Suna da kalmar sirri su zama ɗaya da na gaba. A 2.4 GHz a ba ɗaya tasha 1, ɗaya 6 ko 11, faɗi 20 MHz. A kafa ta sama kamar mita 2, a rumfa ko baranda inda take kallon ƙofofin ɗakuna, don ta ƙofa da taga reso zai shiga, ba ta bango ba. Idan ka sayi mai karɓar wuta ta cikin igiyar, wato PoE, batirin da Lawali ya lissafa zai riƙe duka biyun daga wuri ɗaya, sai dai a duba volt ɗin da take so, wasu 24 wasu 48, a sa mai ɗaga wuta daidai da shi.

Tele da na'urar kamara a jona su da igiya, su sauka daga kan Wi-Fi. Kwamfutar ɗaliba ma haka idan ɗakinta na kusa. Ranar haɗawa a canza kalmar sirrin shiga shafin ONT, a kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirrinsa ba, a buɗe wa baƙi reso na daban mai iyakar mega 2 ko 3. Ka kuma karɓi suna da kalmar sirrin PPPoE, wato na shiga layin kamfani, a rubuce daga ma'aikacin idan da su ake shiga, don duk ranar da wani ya danna ramin sake saiti a bayan na'urar, sai da su za a dawo da intanet.